Ɗaki Ma Yana Bukatar Numfashi



An ba ni 'yan mintoci in yi magana kan iskar da muke shaƙa a gidajenmu. Kowannenmu ya san halin aji da azahar a watan Afrilu: kwano ya ɗauki zafi, yara na gyangyaɗi, kan malam na sarawa. Ba zafi kaɗai ke jawo haka ba. Numfashin da muke fitarwa yana ɗauke da iskar kabon da ta ninka ta waje kusan sau 100, ga kuma danshi. Idan bai sami mafita ba, shi za mu sake shaƙa. Abin da ke faruwa a aji da rana, shi ke faruwa a ɗakin kwananmu da dare.

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada, inda ake rufe gida ruf, akwai na'ura mai fanka biyu: ɗaya na jawo iskar waje, ɗaya na fitar da ta ciki. Iskokin biyu kan gifta juna tsakanin siraran faifai ba tare da sun gauraya ba, sai mai fita ta bar wa mai shigowa ɗuminta, a wasu na'urorin har da danshinta. Sai dai tana son wuta marar yankewa da matatar da ake tsabtacewa a kai a kai. Albashinmu da ƙurar hunturu ba za su bar mu da ita ba. Amma darasinta namu ne: kowane ɗaki na bukatar mashiga da mafita.

Don haka, mai gini ya sa tagogi a bangaye biyu masu fuskantar juna. Ya bar kafa kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take yi. Ya sa silin, ya dasa darbejiya ta yamma. Da damina, idan danshin ɗaki ya daɗe sama da kashi 60 cikin 100, fumfuna kan kama bango, ta tayar wa yara da asma. Da hunturu kuwa, kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kada a kunna janareta a cikin gida. Gubarsu ba ta da wari, a barci take kashewa. Mu tuna annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta ci rayuka sama da 11,000 a Najeriya. Cunkoso a ɗaki marar iska yana saukaka yaɗuwar wannan cuta.

Roƙona guda ne. Ranar da adashe ko rancen ƙungiya ya fito, a ware kuɗin taga da silin kafin na tayil da fenti. Gobe kuma, kafin mu ɗauki alli, mu buɗe tagogin aji.

Allah ya ba mu lafiya, mu da yaranmu.