Tayar Sienna Ba Sai Ka Yi Kirdado Ba

Sienna ta zama jakin gida: asibiti, biki, kasuwar Jega. To, in taya ta mutu, kada ka ce wa mai faci "ba ni irinta" kawai. Tsuguna ka karanta gefenta. In ka ga 215/65 R16, ita za ka nema a Birnin Kebbi, faɗi da rim duka. Haɗa babba da ƙarama na sa mota jan gefe.

Tayar gwanjo kuwa, zanenta na ruɗi. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun DOT da ke gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2019. Zafin kwaltar Kalgo a watan Afrilu ba ya raga wa tsohuwar roba. Maigida, karanta kafin ka biya.