Jawabi Kan Malalar Mai da Hayayyafar Kifi



Idan ɗanyen mai ya malala a kogi, abin da kowa ke fara gani shi ne matattun kifaye suna yawo bisa ruwa. Wannan asara ce, amma ba ita ce babba ba. Babbar tana can ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa, wato cikin ƙwan kifi.

Tun da aka gano mai a Oloibiri cikin 1956, ƙoramun yankin Neja Delta sun sha malala iri-iri, har da wadda ta auku a Bodo ta ƙasar Ogoni cikin 2008. A waɗannan ƙoramu akwai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwa mai gishiri-gishiri. Tsakanin saiwoyinsu ne 'ya'yan kifi da jatan lande ke fakewa har su yi ƙwari. To, nan ne kuma mai yake kwanciya, ya shige cikin taɓo, ya daɗe yana tsattsafo guba a hankali.

Babban kifi yana iya gudu daga gurɓataccen ruwa. Ƙwai kuwa ba shi da inda za shi. Masana sun tabbatar da haka bayan da wani jirgin dakon mai ya fashe a Alaska ta Amurka cikin 1989. Sun gano cewa ɗan abin da ya narke daga man, ko da ruwan ya yi garau, ya isa ya ɓata zuciyar ɗan kifi tun yana cikin ƙwai. Wasu ba sa ƙyanƙyashewa sam. Wasu su fito da kumburi ko karkataccen baya, ba sa iya iyo sosai, sai su zama abincin manya.

Sai batun ma'adinai. Kifi yana bukatar ɗan tutiya da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe a jikinsa domin ƙwai da maniyyi su yi kyau, amma kaɗan ƙwarai, kamar gishiri a miya. In suka yi yawa sai su koma dafi. Dalma da zaiba kuwa ba su da wani amfani gare shi. Taruwa suke yi a jiki, su rage haihuwa, daga bisani su shiga cikin wanda ya ci.

Saboda haka masunci yana iya ganin kamu ya yi kyau bana, sai bayan shekara biyu ko uku koma ta riƙa fitowa wayam. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni yana iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Kada mutanen Arewa su ce wannan ba ruwansu. Baƙin man da ake juyewa daga injin mota a zuba a kwata, damina tana kwashe shi zuwa kogi, daidai lokacin da tarwaɗa ke hawa fadama don zuba ƙwai. Muna roƙon makanikai su riƙa tara shi cikin garwa ko duro. Wanda kuma ya ga malala, ya hanzarta sanar da hukumar NOSDRA, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2006 domin wannan aiki.