Ta Ina Muryar Take Bi? Jawabi a Taron Reshe Kan Sadarwar Na'urori Ba Tare da Waya Ba



Abin da ya sa na zaɓi wannan batu wata 'yar kunya ce da na sha a aji biyar. Na kunna wa yara karatu daga wayata, sautin yana fita ta wata ƙaramar lasifika da na ajiye a kan taga. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta ina muryar take bi, tunda babu waya a tsakaninsu?" Na ce mata iska ce take ɗauka. Ta yi shiru ta zauna, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, domin na san amsar rufe baki na ba ta. Shekara ashirin ina koyarwa, ga shi abin da ke aljihuna kullum ya gagare ni bayani. Tun daga ranar na shiga neman sani, kuma ɗan abin da na samo shi na kawo muku.

Da farko dai, ba iska ce ke ɗaukar saƙon ba. Idan lantarki ya riƙa kai da kawo da sauri a cikin eriya, yakan haifar da igiyoyin da ido ba ya gani, waɗanda ke tafiya da saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ko da a sararin da babu iska sam. Wani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya tabbatar da samuwarsu a shekarun 1887 da 1888, shi ya sa har yau muke jin "megahaz" a bakin masu gabatar da shiri a rediyo. A shekarar 1901 kuma Marconi, mutumin Italiya, ya aika sigina daga Ingila ta tsallaka tekun Atlantika. Wannan ce iyayenmu suka raɗa wa suna wayar iska. Idan kun ji an ce "mita 49 a gajeren zango", tsawon igiyar ake nufi.

Yaya igiya ke ɗaukar magana? Ku tuna da mai kalangu. Yana matsa tsarkiya yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka, wanda ya san take ya gane wa ake kira. Haka na'ura take yi. Takan mayar da murya ko hoto lambobi biyu kacal, 0 da 1, sannan ta riƙa sauya yanayin igiyar bisa tsarin lambobin. Na'urar da ke karɓa, da yake ta san ƙa'idar, sai ta mayar da su murya ko hoto kamar yadda suke.

Hanyoyin da muke mu'amala da su kullum huɗu ne. Ta farko ita ce ta rimot ɗin talabijin, wanda ke amfani da wani haske da ke ƙasa da ja, wanda idonmu ba ya gani. Da yake haske ne, ba ya ratsa bango, dole sai an saita shi. Ta biyu ita ce Bluetooth, wadda ta haɗa wayata da lasifikar nan. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a 1994, sunan kuma laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na goma. Tsawon igiyarta bai wuce santimita 12 da rabi ba, yawanci tana kaiwa kimanin mita 10, kuma takan riƙa tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa, don kada ta yi karo da wasu na'urori. Ta uku ita ce Wi-Fi, wadda ƙa'idarta ta farko ta fito a 1997. Ta fi Bluetooth sauri da nisa, amma ta fi ta cin caji. Ta huɗu ita ce sabis ɗin kamfanonin waya, wanda ya shigo Nijeriya a 2001. A nan wayarka tana magana ne da turken eriya mafi kusa, shi kuma ya miƙa saƙon gaba. Shi ya sa a ƙauyen da turke ke nesa batir ke saurin ƙarewa: wayar tana ƙara ƙarfi ne don a ji ta, kamar mai ƙwalla kira daga bayan gari.

To, mene ne ribar malamin firamare a cikin wannan? Na farko, aljihu. Tura littafi ko bidiyon darasi ta Bluetooth ko Xender ba ya cin data, domin wayoyin biyu kai tsaye suke magana. Malami ɗaya ya sauke, goma su karɓa kyauta. Ga wanda albashi ke ƙare masa tun tsakiyar wata, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Na biyu, aji. Ba mu da ɗakin gwaji, amma muna da rimot. Ka saita shi ga kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi yara za su ga hasken yana ƙyaftawa. Ka naɗe waya ruf da takardar alminiyam ka sa a kira ta, za su ji ba ta shiga, domin ƙarfe na tare igiyoyin. Darasin da yaro ya gani da idonsa ba ya barin kansa.

Na uku, tsaro. Ƙofar da baƙon alheri ke shigowa, ta nan ɓarawo ke bi. Mu kashe Bluetooth idan ba ma amfani da ita, kada mu karɓi saƙo daga na'urar da ba mu sani ba, kada kuma mu buɗe asusun banki a kan Wi-Fi na kowa da kowa. Waɗanda ake turawa sa ido a jarrabawa su sani cewa akwai 'yan na'urorin kunne ƙanana da ke ɓuya ƙarƙashin hula ko mayafi.

Ina roƙon shugabannin reshe su ware mana yini guda a kowane zangon karatu, waɗanda suka sani a cikinmu su koyar da sauran, kowa da wayarsa a hannu. Ba ma buƙatar ɗauko kowa daga nesa.

Yarinyar nan kuwa, bayan mako biyu na koma na ce wa ajin amsar da na bayar ba daidai ba ce, na zo da rimot muka gwada tare. Girmana bai ragu ba, sai ma tambayoyi da suka ƙaru. Ranar da yaro ya daina tambayar malaminsa don ya san ba zai sami amsa ba, ranar muka fara rasa shi.