KWAMFUTA A HANNUN ƊALIBI: WA ZAI TSAYA A KANSA?



Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron Nasarawa GRA da ya tashi ya tarar da kwamfuta a gidansu, da ƙarfin gwiwa yake shiga ɗakin jarrabawa. Takwaransa na Gama ko Tudun Wada kuwa, wani sai ana gobe jarrabawa zai fara ɗora yatsa a kanta. To ina adalci a nan?

Wannan ya sa wasu ke cewa a raba wa kowane ɗalibi tasa. Ai an gwada. A 2007 shirin One Laptop per Child na Nicholas Negroponte ya raba ƙananan kwamfutoci a firamaren Galadima da ke Abuja. Shekara ba ta zagayo ba labari ya ɓulla cewa wasu yaran na kallon hotunan batsa da su, sannan aka fara maganar toshe irin waɗannan shafuka. A ƙasar Peru ma, binciken da aka fitar a 2012 ya nuna rabon bai ɗaga makin yara a lissafi da darasin harshe ba.

Ashe kenan na'ura ba ta maye gurbin malami. Lallai kafin rabo a horar da malamai, a samar da wutar lantarki, a toshe ƙofofin ɓarna.

Duk ɗan uwan da ya iya kwamfuta, ya zaunar da ƙannensa na unguwa ya koya musu, kuma ya san abin da suke buɗewa. Yaro amana ne.