Zaman Ɗar-ɗar da Ƙwaƙwalwar Yaro



Kuka ɗaya nake ji daga malaman boko da na allo: yaron da a da sau biyu ake biya masa ya riƙe, yanzu ko an biya sau goma, kafin gari ya waye karatun ya zube. Sai a ce ya zama daƙiƙi. Ni kam ban yarda ba.

Idan mutum ya firgita, wasu 'yan halittu da ke bisa ƙoda sukan zuba sinadarin kotizol cikin jini. Rahama ce, domin yana cikin abin da ke ba ka ƙarfin gudu in ka ji rurin babura daga daji. Illar tana zuwa ne idan firgitar ta ƙi ƙarewa. A 1968, Bruce McEwen ya gano a Amurka cewa irin wannan sinadari yana maƙalewa a hifokamfas, wato rumbun da ƙwaƙwalwa ke fara ajiye sabon karatu. A 1992 ɗakin bincikensa ya riƙa tsare ɓeraye awa shida kullum har kwana 21, sai rassan ƙwayoyin rumbun suka tsuke. A 2002 kuma, Sumantra Chattarji da abokansa a Indiya suka ga amigdala, mai gadin tsoro, rassa take ƙarawa a wannan hali. Rumbu na ramewa, mai gadi na ƙiba. Shi ya sa yaro zai manta ƙa'idar lissafi, amma ba zai manta ƙarar bindiga ba. Ku tuna ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace ranar 11 ga Disamba, 2020. An sako su cikin mako guda. Fargaba kuwa ba ta san ranar sallama ba.

To, rassan rumbun nan sukan sake tohowa in an samu sarari. Tun 1964 Marian Diamond ta nuna cewa ɓerayen da aka tara wuri ɗaya da kayan wasa, ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi na waɗanda aka keɓe kauri da kusan kashi shida cikin ɗari. Na sani, ɓera ba ɗan'adam ba ne. Amma a Romaniya ma, marayun da aka ba wasu iyalai riƙo kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa.

Mu ba sai mun sayi komai ba. Dandali muke da shi: langa, dara, kacici-kacici, tatsuniyar kaka a farin wata. Shi ne abin da rashin tsaro ya fara ƙwacewa, tunda da magariba kowa ya kulle ƙofa.

Roƙona ga shugabannin makarantu: a buɗe wa yara fili bayan la'asar, da babba a kusa. Malam kuma ya rataye dorina, don jikin yaron nan bai san bambancinta da ƙarar babur ba.