Darasin Zafi Tsakanin Randa da Murhu



A darasin kemistiri akwai babin zafi, wanda yaranmu ke haddacewa saboda jarabawar WAEC da NECO, suna fita daga ɗakin jarabawa su watsar. Abin da ban haushi, domin babu gidan da ba a aiki da wannan babi kullum.

Mu fara da ruwa. Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara zafi da digiri ɗaya sai ya sha jul 4.2 na makamashi. Ƙarfe kuwa 0.45 ya ishe shi. Shi ya sa da rana tsaka a watan Afrilu ba ka iya dafa ƙofar ƙarfe, alhali ruwan da ke cikin daro a tsakar gida ɗumi kawai ya yi.

Babban abin yana wajen tafasa. Da zarar ruwa ya tafasa, kusa da digiri 100, ma'aunin zafi ya tsaya cak. Ko itacen gari duka ka tura a murhu ba zai motsa ba, wutar tana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi. Joseph Black na Jami'ar Gilasgo ne ya bayyana wannan ɓoyayyen zafi wajen shekarar 1761. Ku lissafa tare da ni: lita ɗaya daga digiri 30 zuwa tafasa tana cin jul kusan 300,000, amma ƙafar da ita ƙurmus na cin 2,260,000, fiye da ninki bakwai. Saboda haka, iyayenmu mata, idan wake ya tafasa a janye itace, a rufe tukunya. Iza wuta ba ya sa shi saurin nuna, ruwan kawai yake shanyewa, ga itace ya yi tsada, ga dajinmu na ƙarewa.

Randa wannan doka take bi, sai dai ta juya ta. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma kowane ɗigo da ya tashi yana tafiya da zafin da ya kwaso daga ciki. Ku taɓa gindin randa da hunturu, za ku ji danshi da sanyi har yatsa. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sanyin sai ya ragu. Wanda ya shafa wa randa fenti don ado ya kashe ta.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yi amfani da wannan doka: ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima. Yalon da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a cikin ƙaramar tukunyar. Wannan ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Bai shigo da komai daga waje ba.

Malamai, na san ɗakunan gwaji da yawa babu gas, babu sinadarai. Amma wannan babi ma'aunin zafi ɗaya yake bukata, da randa, da robar ruwa. A ajiye su a inuwa ɗaya, yara su auna safe da azahar na mako guda, su rubuta, su bayyana bambancin da kansu. Ina roƙon shugabannin makarantu su sayi ma'aunin kafin zangon karatu mai zuwa.