Wakilcin Kamfani Bayan Tashi Daga Aiki: Me Za Mu Sa Rai?



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: mutum yana da aikinsa na albashi ko karatunsa, zai iya karɓar wakilcin wani babban kamfani, ya sa yaro a shago, riba ta riƙa shigowa? A ƙasar Wudil wakilcin da muka fi sani shi ne na POS, irin na Moniepoint da OPay da PalmPay, sai dillancin lemo da katin waya. Amsata ita ce zai iya, amma abin da zai samu bai kai abin da ake kwaɗaita masa ba, kuma ba zai zo yana kwance ba.

Wakilci ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. A 1918 kamfanin Niger, wanda daga baya ya shiga cikin kamfanin UAC, ya ɗauki Alhassan Ɗantata wakilin sayen gyaɗa. Muna yawan ambaton dukiyarsa, muna mantawa cewa fatauci shi ne rayuwarsa gaba ɗaya tun yana fataucin goro zuwa Gwanja. Sunan kamfani ya buɗe masa ƙofa, amma shi ya san yaransa, shi ya riƙe lissafinsa. Ko a Amurka, kamfanin abinci na McDonald's ya daɗe yana neman wanda ya karɓi sunansa ya tsaya da kansa a kan shagon.

To, mu dawo kan na'urar POS. Kamfani zai ba ka na'ura da suna wanda mutane suka yarda da shi. Tsabar kuɗin da za ka riƙa bayarwa kuwa naka ne, kuma su ne ainihin jarin. Wannan shi ne abin da mutane ba sa lissafawa. A kowace cira kamfani yana yankar rabonsa. Daga abin da ya rage za ka biya yaro, hayar rumfa, data, caji, takardar rasit, da kuɗin mota zuwa Wudil ko Kano neman tsaba. Sai ranar da sabis ya ɗauke, an cire wa mutum kuɗi bai fito ba, ya tsaya yana neman haƙƙinsa. Ba yaron zai nema ba, kai zai nema, ko kana aji kana koyarwa. Haka nan saƙon kuɗi na bogi: yaro ya miƙa dubu ashirin a kan saƙon da bai shiga ba, ribar kwanaki ta tafi.

Da yawanmu abin da ya ruɗe mu shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsaba ta yi wuya har masu POS suka riƙa cajin abin da suka ga dama. Wancan yanayi ne na masifa, ya wuce, kuma ban so kowa ya gina lissafinsa a kansa. Abin da ya biyo baya ƙarin ƙa'idoji ne. A 2024 an umurci wakilai su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. A Disambar shekarar Babban Banki ya ƙayyade cirar naira dubu 100 ga mutum ɗaya a rana, da naira miliyan 1.2 ga wakili. Ku duba ranar Juma'a a kasuwar shanu ta Wudil, inda kuɗin sa ɗaya ya fi ƙarfin iyakar dubu 100 ɗin. Ranar da ciniki ya fi yawa ita ce ranar da ta fi buƙatar mai shago da kansa.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati akwai wata magana. Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ku nemi shawarar masana kafin ku sa hannu a takarda. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ɗaliban da aka bari a aji su ma suna da haƙƙi.

Wanda ya ga zai iya, ya sa ran ƙarin kuɗin cefane, kada ya sa ran albashi na biyu a shekarar farko. Kada ya ci bashi ya zuba. Ya karanta yarjejeniyar, musamman inda aka ce za a karɓe na'ura in ciniki bai kai ƙima ba. Yaron shago kuma a yanka masa kaso a cikin riba, don wanda ake ba ɗan abin da bai isa ba yana riƙe da ɗaruruwan dubbai an jefa shi cikin jarrabawa. Sannan a zauna da shi kowane dare bayan Isha'i, a haɗa abin da ke cikin na'ura da abin da ke cikin jaka, kafin kowa ya tafi gida.

Yanzu zan saurari tambayoyinku.